Tallafin ƙaramar hukumarmu ga masu fasaha a Landan: bitar ta fi kuɗin amfani

Idan mai sana'ar hannu da ke zaune a Ingila ya tambaye ni ko ya nemi tallafin da ƙaramar hukumarsa ke ba masu fasaha, zan ce masa ya nema. Amma kada ya sa ransa a kan kuɗin. Ba su taka kara sun karya ba, kuma ba sa zuwa a lokacin da ake bukatarsu. Abin da ke da tsoka a shirin shi ne bitar da aka haɗa da shi, wadda yawancinmu muka shiga da tunanin sharaɗi ne kawai da za a cika kafin a ga ƙwandala.

Ni ɗaurin rini nake yi. A cikin birnin Kano na taso, a gidan da mata ke zama da farin yadi da zare da allura suna ɗaure shi ƙulli-ƙulli, a aika marina a tsoma, a dawo mana da shi mu kwance. A nan Landan aikin kula da tsofaffi ne ke biya mini kuɗin haya. Ɗaurin kuwa na dare ne da ranakun hutu, ina sayar da gyale da rigar filo ga wanda ya gani ya yaba. A haka na shiga shirin, tun daga cike fom har daren raba lambar yabo.

Landan tana da ƙananan hukumomi 32, ban da tsohon tsakiyar birni mai tasa hukumar daban, kuma kowacce da nata tsarin. Abin da zan faɗa na tamu ne. Sai dai akwai abin da ya haɗa su duka a faɗin Ingila: doka ba ta tilasta musu kashe ko sisi a kan fasaha ba. Laburare dole ne, dokar 1964 ce ta ɗora musu shi. Kula da tsofaffi da yara marasa galihu ma dole ne. Amma zane da kiɗa da rini, ganin dama ne. Shi ya sa idan aljihu ya yi zafi, nan ake fara sa wuƙa. Birmingham, wadda ita ce ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, ta sanar a watan Satumban 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, sannan kasafin da ya biyo baya ya zaftare rabin tallafin ƙungiyoyin fasaha, da shirin ɗauke shi gaba ɗaya a shekara mai zuwa. A gefe guda kuma, ofishin magajin garin Landan yakan zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya ya ba ta kambun al'adu tare da fam miliyan 1.35. Waltham Forest ce ta fara riƙe shi a 2019, sai Brent a 2020, Lewisham a 2022, Croydon a 2023. Waɗanda suka samu sukan yanki wani kaso su raba wa ƙananan ayyukan unguwa. Wato abin da ke hannun ƙaramar hukumarka bana ba lallai ya kai baɗi ba, in ka ga sanarwa kada ka ce sai wani zagayen.

Namu shirin kashi uku ne. Akwai ƙaramin tallafi na yin wani aiki da mutanen unguwa, ni fam 1,500 aka ba ni. Akwai bita ta wasu watanni, haɗe da fam 500 da mutum zai kashe wajen ƙaro ilimin sana'arsa. Sannan akwai bikin raba lambar yabo a ƙarshen shekara.

Fom ɗin a intanet ake cike shi, da Turanci, kuma kowace tambaya an ƙayyade mata adadin kalmomi. Ba a tambaye ni shekara nawa na yi ina ɗauri ba, ba a tambaye ni wa ya koya mini ba. Abin da suke son ji shi ne su wa za su amfana, ta wace hanya zan kai gare su, kuma yaya zan gane sun amfana. Mutumin da hannunsa ya iya aiki amma alƙalaminsa bai faɗa ba zai sha wuya a nan, kuma na san masu sana'a da suka fi ni nesa ba kusa ba waɗanda suka buɗe shafin suka rufe. Abin da ya cece ni shi ne jami'ar da ke kula da shirin takan zauna a laburaren unguwa da yammacin wata rana a mako, duk mai nema ya je da abin da ya rubuta. Wannan zaman shi ne abu mafi kyau da hukumar ta tsara, kuma a ƙasan sanarwar aka ambace shi da ƙananan haruffa.

Na kai mata kasafina a rubuce: yadi, shuni, zare, safar hannu, bokitai, kuɗin hayar zaure, shayi da biskit na mahalarta. Ta bi shi da biro layi-layi har ƙasa, ta ɗago ta ce, ina kuɗin aikinki? Na ce ai tallafi ne aka ba ni in yi wa jama'a aiki. Ta ce mai zauren za a biya shi, mai sayar da yadi za a biya shi, ke ce kaɗai za ki yi kyauta? Ta ƙara da cewa kasafin da mai fasaha bai sa ladansa a ciki ba, masu tantancewa sukan ɗauka bai san aikin ba ne.

A kan wannan maganar aka gina rabin bitar. Mu goma sha wani abu ne a ajin: mai ginin tukwane, masu zane biyu, wani dattijo ɗan Jamaika mai sassaƙa, wata 'yar Bangaladash mai aikin allura, matasa masu ɗaukar hoto. Ranar da aka zo kan farashi, malamar ta ce kowa ya ɗauko abu ɗaya da yake sayarwa ya rubuta abu uku: nawa yake sayar da shi, nawa kayan haɗinsa suka ci, awa nawa ya ɗauke shi. Na ɗauki gyale. Fam 25 nake sayarwa. Yadi da zare da shuni sun ci kamar fam 8. Ɗauri da tsomawa da kwancewa da guga, in an haɗa, awa biyar. Ta ce a cire, a raba. Fam 17 a kan awa biyar, ya kama fam 3.40 ke nan a kowace awa. Sai ta rubuta wani adadi a allo, fam 13.85, wato abin da aka sanar a watan Oktoban 2024 a matsayin mafi ƙarancin ladan awa da mutum zai iya rayuwa da shi a Landan. Ajin ya yi tsit. Mai aikin allurar nan da ta gama nata lissafin, dariya ta kama yi har da hawaye, don nata bai kai fam biyu ba.

Mu da muka taso a kasuwa mun san ciniki, mun san albarka da sallamawa, mun san a taya a rage. Abin da ba mu saba ba shi ne sa wa lokacinmu kuɗi. A gida, macen da ke ɗauri tana yi ne tsakanin girki da raino, duk abin da aka ba ta riba ce, tun da ba ta fita ko'ina ba. Wannan lissafin ba ya aiki a garin da ake biyan kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki. Malamar ba ta ce mu ninka farashi rana ɗaya ba. Ta nuna mana yadda ake raba kaya gida biyu, ƙananan abubuwa masu saurin yi da za a sayar a teburin kasuwar unguwa, da manyan ayyuka da ake yi bisa oda, waɗanda ake karɓar rabin kuɗi kafin a taɓa yadi. Ta kuma nuna mana jadawalin ladan yini da ƙungiyar ƙwadagon masu zane ta Ingila ke fitarwa, wanda za ka iya manna wa makaranta ko gidan tarihi idan sun ce ka zo ka koyar. Yanzu gyalena fam 55 ne. Masu saye sun ragu, abin da ke shiga aljihu ya ƙaru, kuma ina samun barci.

Sauran darussan na takardu ne, ba daɗi amma dole. Duk wanda ya samu fiye da fam 1,000 a shekara daga sana'ar kansa sai ya yi rajista da hukumar haraji. Shekarar haraji tana farawa ran 6 ga Afrilu, kuma 31 ga Janairu ce ranar ƙarshe ta miƙa bayani ta intanet. An koya mana rubuta takardar neman biya, da ajiye rasit, da abin da ake iya cirewa a matsayin kuɗin gudanar da sana'a. An ce kowa ya yi inshorar da za ta biya idan wani ya ji rauni a ajinsa, aka nuna mana cewa ƙungiyar masu zane mai suna a-n tana haɗa irin wannan inshora a cikin kuɗin zama mamba, wanda ya fi sauƙi a kan saye daban. Takardar binciken da ake kira DBS, wadda ake nema kafin a bar mutum ya yi aiki da yara, hukumar ce ta nema mana ta biya. Darasin tallata kai a Instagram kuwa ɓata yamma ne, wanda ya koyar bai faɗi abin da 'yata ba ta sani ba.

Fam 500 ɗin nan na ƙaro ilimi su ne suka canja mini sana'a, kuma a nan zan ɗan tsaya. A Kano aikin a rabe yake. Mata ke ɗauri a gida, maza ke tsomawa a marina, irin ta Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take. Na girma ina ganin yadi ya fita fari ya dawo shuɗi, amma ban taɓa haɗa ruwan rini da hannuna ba. A nan Landan rinin kanti nake amfani da shi, na fakiti, wanda ke ba da shuɗi mai kyau amma ba shi da zurfi, ba shi da wannan ƙamshin da duk ɗan Kano zai gane ido rufe. Da kuɗin na biya kwas a wurin wata mai rini da ke aiki da shuni na asali. Ba rami, ba toka, ba jiran makonni kafin ruwa ya nuna. Bokitin roba ne mai murfi, da awo uku: kashi ɗaya na garin shuni, kashi biyu na laim, wani farin gari mai kaifi da ke yin aikin da toka da kanwa ke yi a gida, da kashi uku na sukarin 'ya'yan itace. A zuba a ruwan zafi, a juya a hankali kada iska ta shiga, a rufe. Kafin gari ya waye kumfa mai ƙyalli ta taru a sama, ruwan ƙasa ya koma ɗorawa-ɗorawa. Babban abokin gaba shi ne sanyi. Ruwan yana son ɗumi, ƙasar nan kuwa ba ta da shi, don haka bokitina yana da nasa bargon, da 'yar na'urar ɗumama ruwa irin ta masu kiwon kifi a gida.

Da ruwan ya ƙi ci a tsakiyar hunturu, kawuna na kira ta WhatsApp, wanda ya tsufa a bakin karofi. Na juya masa kyamara. Ya daɗe yana dariya kafin ya yi magana.

"Ke 'yar nan, rini a bokiti? Har da bargo?"

"Kawu, a taimaka dai, ya ƙi kamawa tun jiya."

"Matso da shi in ga kumfar. To, ai yunwa yake ji. Ƙara masa abin zaƙin nan naku, ki juya, ki ƙyale shi ya kwana. Kuma ki daina tsoma yadi kina cirewa kamar mai wanki, iska kike sa masa."

Abin da ya faɗa shi ne daidai abin da malamar kwas ɗin ta rubuta mana a takarda, ita da ma'aunin zafi da takardar gwajin kaifi, shi da ido daga nisan dubban mil. Na yaba wa hukumar a nan, domin ba ta tsaya tambayar amfanin da unguwa za ta samu daga wannan kashin ba. Ta yarda cewa mai sana'a ma yana bukatar a ciyar da shi gaba don kansa.

Ajin unguwa a wani zauren jama'a muka yi shi, ranakun Asabar. Mata ne suka fi yawa, da yara da iyayensu suka rako. Kafin a ba ni mabuɗi sai da na cike takardar hasashen haɗari: me zai faru in laim ya shiga idon yaro, ina ruwan wankewa, wa ke riƙe da akwatin taimakon gaggawa. Na yi ta mita, amma ranar da wani yaro ya tsoma hannu har gwiwa na gode da dogayen safar hannun da takardar ta tilasta mini saye. Abin da ba ya tsufa shi ne lokacin fito da yadi. Yana fitowa kore-kore, mai shi ya ɓata fuska yana zaton ya lalace, sai a shanya shi a iska, a gaban idonsa ya rikiɗe ya koma shuɗi. Wata Hajiya 'yar Damagaram, wadda jikarta ta jawo ta da ƙyar, ta ƙi sa hannu a makon farko. A na biyu ta karɓi allura ta yi wani ɗinkin tattara da ban taɓa gani ba, layi-layi kamar kunyar gona. Na ce, Hajiya, a ina kika koyi wannan? Ta ce, 'yata, tun ba a haifi uwarki ba. Daga ranar rabin ajin wurinta suke zama.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Biyan kuɗi ya yi jinkiri ƙwarai. An ce za a ba da kaso mafi yawa kafin a fara aiki, ragowar bayan an miƙa rahoto. Amma kafin sisi ya fito sai an yi maka rajista a matsayin mai yi wa hukuma aiki, sai wani ofishi ya fitar da lambar oda, sai wani ofishin daban ya amince. Jami'armu ta yi iya ƙoƙarinta, ba a hannunta abin yake ba. Ajina ya fara, ya yi nisa, kuɗi ba su shigo ba. Da albashina na sayi yadi da shuni na biya zaure. Ni ina da albashin da zan taɓa. Dattijon nan mai sassaƙa ba shi da shi, sai da ya ɗaga nasa ajin. Shirin da aka ce an yi don masu ƙaramin ƙarfi bai kamata ya dogara da cewa suna da ajiya ba.

Na biyu, takardar tallan ajina ta fito da hoton kente, saƙar Gana, a kan sanarwar rinin Kano. Na yi magana, sun ba da haƙuri, sun canja cikin kwana biyu, wannan kam ba laifi. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. A Birtaniya watan Oktoba ne watan tarihin baƙar fata, tun 1987 ake yin sa. Gayyatar da nake samu daga sassan hukumar kusan duk a wannan watan take taruwa, har ta yi mini yawa, sauran watannin kuwa waya ba ta ƙara. Mai ginin tukwanen da muka yi bita tare ana kiranta a kowane lokaci na shekara. Na faɗa musu a takardar jin ra'ayi cewa shuni ba ya jiran Oktoba.

Rahoton ƙarshe ma ya fi ƙarfin kuɗin. Ana son adadin mahalarta, shekarunsu, unguwarsu, asalinsu, da ko ajin ya rage musu kaɗaici. Miƙa wa dattijuwa irin Hajiya takarda tana zaɓar akwatin ƙabila bayan ta gama koya mana ɗinki, abin da nauyi.

Bikin lambar yabo a babban zauren hukuma aka yi shi. An yi tsari mai kyau, an baje ayyukanmu a bango da haske mai kyau, kansiloli sun zo sun zagaya. Akwai giya a tebur kamar yadda suka saba, akwai lemo da ruwa a gefe, kuma da na tambayi wurin sallar magariba nan take aka buɗe mini wani ɗaki. Inda na ga rauni shi ne yadda ake zaɓe. Wasu lambobin alƙalai ne ke bayarwa, amma babbar ta jama'a ƙuri'ar intanet ce, don haka mai yawan mabiya shi ke ɗauka. Wata ƙungiyar matasa masu rawa ce ta lashe, kuma sun cancanci yabo, sai dai dattijon da ya shekara yana koya wa masu larurar mantuwa sassaƙa ba shi da ko shafi ɗaya, balle ya roƙi ƙuri'a. Ni takardar yabo na samu daga alƙalai, babu kuɗi a tare da ita. Amfaninta ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: layi ne da zan sa a fom na gaba. An kuma hana sayar da kaya a wurin, alhali mutane suna ta tambayar farashi. Na raba katina har ya ƙare.

Akwai tambayar da 'yan uwa Musulmi suka yi ta yi mini, wato daga ina kuɗin suke fitowa. Tambaya ce mai kyau, domin kaso mai yawa na tallafin fasaha a ƙasar nan daga cacar ƙasa yake zuwa, wadda aka fara a 1994. Na tambayi jami'ar kai tsaye, ta ce namu daga kasafin hukumar ne, ta kuma nuna mini a takardar yarjejeniya. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce duba ƙasan sanarwa: in ka ga tambarin hannu da yatsu biyu a harɗe, kuɗin caca na ciki. Wannan zai fi shafar wanda ke son hawa mataki na gaba, wato hukumar fasaha ta ƙasa, Arts Council England. Babban tallafinta na ayyuka, mai farawa daga fam 1,000, sunan cacar ma yana jikinsa. Ta kuma fara wani na bunƙasa sana'ar mutum ɗaya a 2018, wanda ya kai ana ba da fam 2,000 zuwa 12,000. Hukuncin karɓa ko bari na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya yarda da shi, amma ya tambaya kafin ya sa hannu.

Wanda zai nema ya fara duba takardar zamansa. Bizar ɗalibi ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba, kuma wannan tallafi a matsayin mai sana'ar kansa ake biyan ka. Mai karɓar tallafin gwamnati na rayuwa shi ma ya bincika yadda kuɗin za su shafe shi. In wannan ya yi daidai, sai a tanadi hotunan aiki masu kyau tun kafin a buɗe fom, a ɗauke su da hasken rana a kan farin bango, domin su ne kaɗai abin da masu tantancewa za su gani na hannunka. A je zaman laburaren da kasafi a rubuce ko da bai yi kyau ba. A kuma tambayi ranar da kuɗi za su shigo a rubuce, sannan a sa ranar fara aji bayanta, ba kafinta ba.

Zan sake nema a zagaye mai zuwa, wannan karon tare da Hajiya, da sunanta a cikin kasafi da ladan yininta daidai da nawa. Jikarta ce za ta cike mata nata ɓangaren fom ɗin. Abin da ya rage mana shi ne samun zaure mai wurin wanke hannu a ciki, don na bara sai da muka riƙa jigilar bokitai daga banɗakin bene na biyu.